DARASIN KIWO: TSARON ƳAN TSAKI DAGA SHIRWA DA SHAHO



Kaza ita ce asusun talaka. In yaro ba shi da lafiya, ko baƙo ya sauka, ita ake kamawa. Amma kafin ɗan tsako shi zama kaza, sai ya tsira daga ɓarayin sama. Hausawa sun ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. To, mai kazar ma ya kamata shi ji tsoro.

1. SU WA KE YI MANA ƁARNA?

Shirwa tana shawagi bisa gari, ta sauko, ta suri ɗan tsako ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Tana yawaita a ƙasarmu in damana ta faɗi, domin tana biyo ruwa daga kudu. Lokacin ne kuwa ƴan zabbi ke fitowa.

Shaho ya fi ta sauri. Yana laɓewa cikin itace, shi faɗo kamar kibiya.

Hankaka yana satar ƙwai da ƴan tsaki sabbin ƙyanƙyasa.

Ungulu kuwa mushe take ci. Ba ruwanta da kajinku.

2. MU YI LISSAFI

Kaza ta yi kwana 21 bisa ƙwai 12, ta ƙyanƙyashe 10. In shirwa na ɗaukar guda 1 kowane kwana 3, bayan kwana 30 nawa suka rage? Babu ko ɗaya. Kuma inda ta samu jiya, nan za ta komo gobe.

3. KU RUFE SU HAR SATI 6

Ɗan tsako ƙarami ba shi da gudu, ba shi da nauyi. Saboda hakanan, daga ranar ƙyanƙyasa har sati 6, kada shi yi yawo a fili.

Ku saƙa babban kwando na tsumagiya ko na kara. Faɗinsa kamu 3, wato wajen metir 1 da rabi. Ramukan su zama ƙanana, yadda iska za ta shiga amma ɗan tsako ba zai fita ba. Mai ragar waya ko tsohon gidan sauro yana iya ɗaura shi bisa itatuwa. Sabon gidan sauro kuwa na yara ne, a bar masu abinsu.

Ku kife kwandon bisa uwa da ƴaƴanta a cikin inuwa, ku danne shi da dutse. Kowace safiya ku gusa shi zuwa wuri mai tsabta. Da dare a maida su akurki a rufe, saboda muzuru da maciji.

4. CI DA SHA

Wanda ya rufe tsuntsu, shi ne da ciyar da shi. Ku ba su tsakin hatsi ko na dawa, da dusa, da ganyen zogale yankakke, da gara.

Ga yadda ake kama gara. Ku cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara. Ku yayyafa ruwa kaɗan, ku kife ta kusa da gidan gara da marece. Da safe ku zazzage masu.

Ruwa a zuba a kasko marar zurfi, a sa tsakuwa ciki, don kada su faɗa su mutu.

5. BAYAN SATI 6

Kafin ku sake su, ku yi masu wurin ɓuya. Rumfa gajera ta kara, ko tarin ƙaya nan da can cikin gida, sun isa. Ku bar zakara babba tare da su: yana da kuka na daban in ya hangi tsuntsu bisa, kowa sai shi ruga maɓoya. In kun yi yanka, ku binne hanji da sauran ƙazanta, domin su ke kiran shirwa cikin gida.

6. KADA KU SA GUBA

Naman da aka sa wa guba ba shi zaɓen mai ci. Yana kashe kare, yana kashe ungulu, yana iya kai ga hannun yaro. Tun 2015 aka sa ungulun da muke gani bakin mahauta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Ita ma shirwa tana cin fara da ɓeraye masu ɓata mana hatsi. Kwando ya wadatar.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Ƴan tsaki nawa aka ƙyanƙyashe a gidanku bara? Nawa suka girma?
2. Wa ya iya saƙar kwando a garinku?
3. Ku rubuta ranar ƙyanƙyasa ta gaba cikin littafinku, ku ƙirga kwana 42. Wace rana ce ranar saki?

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi yalwata mana kiwo.