Tarin da Ya Wuce Mako Biyu: Mu San Alamomin Tarin Fuka

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, darasinmu na wannan mako a kan tarin fuka ne, wanda ake kira tibi. Ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda likitan Jamus Robert Koch ya sanar da gano ta ranar 24 ga Maris, 1882. Ta fi kama huhu, kuma ta iska ake ɗaukarta idan mai ita ya yi tari ko atishawa, musamman a ɗaki mai cunkoso da iska ba ta ratsa shi.

Haɗarin cutar shi ne a hankali take cin mutum, har ya ɗauka mura ce ko ƙurar hunturu. Ga alamominta ga manya:

1. Tarin da ya kai mako biyu bai tafi ba. Yakan fara a bushe, daga baya ya zo da kaki, wani lokaci har da jini.
2. Zazzaɓi marar zafi sosai, wanda yakan taso da yamma.
3. Gumi da dare, har riga ta jiƙe ko da ana sanyi.
4. Rashin son abinci da rama, har kaya su yi wa mutum yawa.
5. Kasala, ciwon ƙirji, da haki idan cutar ta yi nisa.

Ba dole ne alamomin su haɗu duka ba, kuma kada a jira sai an ga jini. Masu ƙanjamau, masu ciwon sukari da masu shan taba sun fi saurin kamuwa.

Maganin tari na kemis ba ya kashe wannan ƙwayar. A asibiti ake gwada kaki, wani lokaci a ɗauki hoton ƙirji. A Nijeriya gwajin kaki da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke kula da cutar. Ana shan maganin yawanci wata shida, kuma wanda ya daina da ya ji sauƙi, cutar na iya dawo masa ta ƙi jin magani.

Tarin fuka ba sammu ba ne, ba kuma gado ba ne, ana warkewa. Idan baba, inna ko yaya na fama da irin wannan tari a gida, mu faɗa musu cikin ladabi su je a gwada su. Yin hakan da wuri zai ceci mai tarin, ya kuma kare ƙannenmu da ke kwana ɗaki ɗaya da shi.