TSADAR INSHORAR LAFIYA DA TAƘADDAMAR GYARAN TSARIN KIWON LAFIYA A AMURKA

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To, amma a wannan zamani neman lafiya ya zama abin da ke cin dukiya, har akan sami magidanci ya tashi daga ciwo ya tarar da bashi yana jiransa a bakin ƙofa. Babu ƙasar da wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar Amurka, domin kuwa ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan magani, amma duk da haka akwai miliyoyin mutanenta waɗanda ba su da mai biya musu idan sun kwanta. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana ma'anar inshorar lafiya, a bi tarihinta a Amurka, sa'an nan a duba dalilan tsadarta da kuma taƙaddamar da ake yi a kan gyara ta. Abin da za a nuna shi ne kuɗin inshora inuwa ce ta kuɗin magani, kuma galibin gyare-gyaren da aka yi sun tsaya ne a kan wanda zai biya, suka ƙyale yawan abin da ake biya.

2.0 Ma'anar Inshorar Lafiya

Inshorar lafiya yarjejeniya ce wadda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya wata-wata, domin a biya wa duk wanda ciwo ya kama daga cikinsu. Ta yi kama da adashi, sai dai a adashi kowa ya san ranar ɗaukarsa, a inshora kuwa wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ne mai ɗauka. Saboda haka asusun ba ya tsayuwa sai masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa. Idan samari masu jini a jika suka ga zubin ya yi musu nauyi suka janye, sai a bar tsofaffi da majiyyata, dole a ƙara kuɗin zubi, ƙarin kuma ya sake korar wasu. Haka nan idan aka bar kowa ya shiga sai ranar da ya kwanta, asusun zai karye, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ne ya sa kamfanonin inshora a Amurka suka daɗe suna ƙin karɓar mai tsohon ciwo, ko kuma su tsauwala masa kuɗi.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Jamus ce ta fara kafa inshorar dole ga ma'aikata a shekarar 1883, zamanin Bismarck, Ingila kuma ta buɗe tsarin magani na gwamnati a 1948. Amurka ta bi wata hanya dabam. A 1929 asibitin Jami'ar Baylor da ke birnin Dallas ya shirya da malaman makaranta cewa kowa ya riƙa biyan rabin dala a wata, shi kuma asibiti ya ɗauki nauyin kwanciyarsa har kwana 21 a shekara. Daga nan ne tsarin Blue Cross ya samo asali.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta taƙaita ƙarin albashi a 1942, sai masu kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da alkawarin inshora. Dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a karɓar haraji a kan wannan inshora. Ta haka lafiyar mutum ta ɗauru da aikinsa, har ya zamana fiye da rabin Amurkawa ta wurin aiki suke samun inshora. Illar wannan tsari a bayyane take, watau wanda aka sallama daga aiki yakan rasa albashi ya rasa magani a lokaci guda, ga mari ga tsinka jaka.

Shugaba Truman ya nemi a kafa inshora ta ƙasa baki ɗaya a 1945, amma Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yi masa ca, tana cewa wannan gurguzu ne, shirin ya mutu. Sai a ranar 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa Medicare domin waɗanda suka kai shekara 65, da Medicaid domin masu ƙaramin ƙarfi. Shugaba Clinton ya sake gwadawa a 1993, shirinsa ya watse a majalisa a 1994.

4.0 Dalilan Tsada

A shekarar 1999 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ɗaya ta wurin aiki dala 5,791 ne a shekara. A 2024 ya kai dala 25,572, watau ya ninka fiye da sau huɗu a cikin shekara 25. Daga ciki ma'aikaci ya biya kimanin dala 6,300, kamfani ya biya saura. Sai dai masana tattalin arziki da yawa suna ganin kason kamfanin ma daga jikin ma'aikacin yake fita, domin ƙarin albashin da ya kamata ya samu ne aka karkatar. Bugu da ƙari, akasarin masu inshora sai sun fara biyan wani kaso daga aljihunsu kafin kamfani ya sa hannu.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2023 Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan kiwon lafiya, watau kashi 17.6 bisa ɗari na dukan dukiyar da ƙasar ta samar a shekarar, alhali Jamus da Faransa da Ingila da Kanada suna kashe tsakanin kashi 10 da 13. Kuma Amurkawa ba su fi mutanen waɗannan ƙasashe zuwa ganin likita ba, ba su kuma fi su tsawon rai ba.

Dalili na farko shi ne farashi. A waɗancan ƙasashe gwamnati ko asusun jama'a ke zama da asibitoci da masu yin magani a yanke farashi ɗaya. A Amurka kuwa kowane kamfani shi ke yin nasa ciniki, shi ya sa aiki iri ɗaya a asibiti ɗaya yakan zo da farashi barkatai. Dalili na biyu shi ne yawan ma'aikatan lissafi da na cike takardu da kowane ɓangare ke ɗauka. Na uku, majiyyaci ba kamar mai sayen hatsi ba ne da zai zaga kasuwa yana tayawa. Wanda aka ɗauko ranga-ranga ba ya tambayar farashi.

5.0 Dokar 2010 da Taƙaddamar da ta Biyo Baya

A ranar 23 ga Maris, 2010, Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da aka fi sani da Obamacare, bayan ta tsallake Majalisar Wakilai da ƙuri'a 219 da 212, ba tare da goyon bayan ko ɗan Rifablikan ɗaya ba. Dokar ta hana kamfanoni korar mai tsohon ciwo, ta wajabta wa kowa yin inshora ko ya biya tara, ta ba masu matsakaicin ƙarfi tallafi, ta faɗaɗa Medicaid, ta kuma bar 'ya'ya a inshorar iyayensu har su kai shekara 26. Mai nazari zai ga cewa sharaɗi na farko da na biyu ɗaure suke da juna, kamar yadda aka bayyana a sashe na 2.0.

A 2012 Kotun Ƙoli ta amince da tarar a matsayin haraji, amma ta bar wa jihohi zaɓi a kan faɗaɗa Medicaid, kuma ya zuwa 2024 jihohi 10 ba su yi ba, ciki har da Texas da Florida. A Yulin 2017 yunƙurin soke dokar ya faɗi a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 51 da 49, sai dai a ƙarshen shekarar an mai da tarar ta zama babu daga 2019. Duk da haka marasa inshora sun ragu daga kimanin kashi 16 bisa ɗari a 2010 zuwa kimanin kashi 8 a 2023, watau mutum miliyan 26.

Ra'ayoyi sun kasu uku. Masu ra'ayin kasuwa suna cewa tilasta wa mutum sayen abin da bai so ba tauye 'yanci ne, kuma gasa ce za ta sauke farashi. Masu ra'ayin asusu ɗaya na gwamnati, irin su Sanata Bernie Sanders, suna cewa magani haƙƙi ne, kuma mai saye guda ɗaya shi ke da ƙarfin ciniki, abokan hamayyarsu kuma suna tsoratarwa da ƙarin haraji da dogon jira a asibiti. Rukuni na uku suna ganin a ci gaba da yi wa tsarin da ake da shi kwaskwarima.

Abin lura shi ne dokar 2010 ta wajabta wa kamfanoni kashe aƙalla kashi 80 bisa ɗari na zubin da suka karɓa a kan magani, amma zubin bai daina hawa ba. Wannan ya nuna cewa ribar kamfanoni ba ita kaɗai ce matsalar ba. Tallafi kuma ba ya rage tsada, yana ɗauke nauyin ne daga kan majiyyaci ya ɗora a kan mai biyan haraji. A 2022 an taɓa farashin magunguna kai tsaye, inda doka ta ba Medicare ikon yin ciniki a kan wasu magunguna, abin da dokar 2003 ta hana, ta kuma tsayar da kuɗin allurar insulin ta masu ciwon suga a dala 35 a wata ga tsofaffin da ke cikin shirin.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tambayoyi biyu ne a cikin wannan taƙaddama. Ta farko ita ce wa zai shiga asusu, wa kuma zai biya wa wanda ba shi da hali. Ta biyu ita ce nawa asibiti da mai yin magani za su karɓa. Amurka ta yi nisa wajen amsa ta farko tun daga 1965, ta biyun kuwa ta fi wuya, domin duk dalar da aka rage wa majiyyaci abincin wani ne aka taɓa. Muddin ice bai miƙe ba, inuwarsa ba za ta miƙe ba, kuma muddin farashin magani bai sauka ba, magidanci zai ci gaba da biya, ko ta aljihu, ko ta albashi, ko ta haraji.