Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Kakin Soja Da Harbin Faifan Yumɓu?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Ingila. Abokan karatuna sun gayyace ni wasan nan da na'ura ke cilla faifan yumɓu sama a harbe shi da bindiga. Ina da wata rigar sanyi mai dabbare-dabbaren kore da ƙasa-ƙasa irin ta sojoji. Da na ce ita zan sa, sai ɗayansu ya ce kada in kuskura. Doka ce ta hana, ko kuwa tsurfa ce irin ta Turawa? Ni dai na ga ai wurin harbi za mu. Daga wani mai karatu a Birmingham.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokinka bai ruɗe ka ba, sai dai bai gama maka bayani ba.

Dokar ƙasar Ingila ba ta hana farar hula sa riga mai irin wannan zane ba, muddin bai yi sojan gona ba. Shaguna ne ma birjik da ke sayar da tsofaffin kayan sojoji. Wannan ya sha bamban da abin da ka saba gani a Najeriya, inda sa kakin soja ba tare da izini ba laifi ne, kuma wanda ya yi gangancin ratsa shingen sojoji da shi ya san sauran. Saboda haka ba ɗan sanda ne zai tare ka a can ba. Masu wasan ne suka kafa wa kansu ƙa'ida.

Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a birnin Munich na Jamus, wadda dokokinta ake bi a gasar Olamfik, ta jera tufafin da ba a shiga gasa da su, kuma kaya masu zanen kakin soja suna ciki, tare da wandon jins, da riga marar hannu, da silifa, da gajeren wandon da ya haye gwiwa da fiye da santimita 15. Ƙungiyar da ke kula da harbin faifai a Ingila, CPSA, wadda aka kafa a 1928, ita ma ba ta yarda da shigar soja a gasannin da ta yi wa rajista ba. Amma ranar atisaye, ko irin fitar nishaɗin da za ku yi, mai fili ne ke da ta cewa. Wani ba ruwansa, wani kuwa tun daga ƙofa zai ce ka tuɓe.

To me ya kawo ƙyamar? Sai mun ɗan koma baya. Asalin wasan, tantabaru masu rai ake sakowa daga akwati a harbe. A wasannin birnin Paris na 1900 an kashe kusan 300. Tun kafin nan an fara neman madadi: aka gwada ƙwallayen gilas, sannan a 1880 wani mutumin Cincinnati a Amurka, George Ligowsky, ya fito da faifan yumɓu. A 1921 Birtaniya ta haramta harbin tsuntsayen da aka tsare aka sako, faifai ya gaje fagen. Na yau ma ba yumɓu ba ne, galibi farar ƙasa ce ake cuɗawa da kwalta, faɗinsa milimita 110, nauyinsa wajen giram 105, ana yawan shafa masa launin ruwan lemo don ido ya kama shi. Wato tun fil azal tafiyar wasan nan nesanta kai ce daga zubar da jini, har ya zama gwajin ido da saurin hannu kawai.

Sannan ga abin da ba a cika furtawa a bainar jama'a ba. Mutanen Birtaniya suna da tabo game da bindiga. A 1987 wani ya kashe mutum 16 a garin Hungerford. A 1996 wani ya shiga makarantar firamare a Dunblane da ke Scotland ya kashe yara 16 da malamarsu. Bayan kowanne an tsaurara doka, na biyun ma ya kai ga haramta kusan dukkan ƙananan bindigogi na hannu, har 'yan wasan ƙasar masu harbi da irinsu suka koma fita waje yin atisaye. Masu harbin faifai sun ga abin da ya sami maƙwabtansu. Sun san wasansu yana rataye ne da yardar jama'a da ta 'yan majalisa, kuma hoto guda na mutum sanye da kaki riƙe da bindiga, in ya faɗa hannun jarida, ya isa ya jawo musu magana. A ganina nan gizo ke saƙar. Ba zan ɓoye maka ba, akwai kuma ɗan jin kai a ciki, domin harbi a karkarar Ingila ya daɗe yana hannun masu gonaki da masu hannu da shuni, waɗanda ke da irin tasu shigar, kuma wasunsu kallon hadarin kaji suke yi wa mai kaki. Amma ko an cire jin kan, dalili na farko yana nan da ƙafarsa.

Wani zai ce, ai faifai ba shi da ido, me kaki zai ƙara ko ya rage? Wannan hujja kaifi biyu gare ta. Maharbin agwagwar daji ko talotalon daji yana sa kayan sajewa da ciyayi ne saboda tsuntsu yana rarrabe launi sosai. Barewar ƙasashen can kuwa ba ta ganin launin ruwan lemo yadda mutum ke ganinsa, shi ya sa jihohi da dama a Amurka suka wajabta wa masu farautarta sa riga mai wannan launi, don kada wani maharbi ya ɗirka wa ɗan'uwansa. A filin faifai babu abin da kake ɓuya daga gare shi. In ma akwai abin so, shi ne kowa ya ga kowa sarai.

Duk da haka masu kakin suna da magana guda mai nauyi, kuma a Amurka, inda ƙananan filaye da yawa ba su damu da abin da ka sa ba, za ka ji ta. Mafarauci yakan je harbin faifai don ya wasa hannunsa kafin lokacin farauta ya kama. Riga mai kauri tana sauya inda gindin bindiga ke zama a kafaɗa, da yadda kunci ke kwanciya a kansa, kuma ɗan wannan bambancin ya isa ya sa a kuskure. Don haka yana so ya yi atisaye da rigar da zai shiga daji da ita. Hujja ce mai kyau, amma ta mafarauci ce. Kai ba farauta za ka ba.

Abin da ya fi launin riga muhimmanci shi ne kunnenka da idonka. Ƙarar bindiga ta haura ma'aunin desibel 140, kuma jin da ta lalata ba ya dawowa, saboda haka kada ka tsaya kusa da masu harbi ba tare da abin toshe kunne ba. Sa tabarau na kariya da hular hana-salla, domin ɓaraguzan faifai suna zubowa da kaifinsu. Takalmi ya zama sau-ciki. Riga kada ta yi burum-burum, kada kuma ta zama mai igiyoyi ko babban aljihu a ƙirji ta ɓangaren kafaɗar da kake ɗora bindiga, don kada gindinta ya sarƙe yayin ɗagawa. Yawancin filaye suna ba baƙi aron abin kunne da tabarau, wasu har da falmaran mai aljihun harsashi, kuma a filin da 'yan sanda suka amince da shi sabon shiga yana iya harbi ba tare da lasisin kansa ba, ƙarƙashin kulawar mai koyarwa. Bindigar kuwa a buɗe take zama, babu harsashi a ciki, sai ka shiga wurin tsayawa.

Shawarata, ka bar rigar nan a gida. Baƙo ne kai, kuma zuwan farko ne. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ka nemi rigar sanyi mai launi ɗaya, baƙa ko shuɗiya ko koriya, ko aro ne daga abokan naka. In kuwa ita kaɗai gare ka, buga wa filin waya tun kafin ranar ka tambaye su, ka ji daga bakin mai wuri.