Gwara da Gyara: Kuɗin Tagulla na Romawa a Cikin Bishara

Duk macen da ta taɓa sayen tumatir a kasuwar Utako ta san gyara. Wannan sani ya ishe ta gane wani lissafi da ke cikin Bishara. A Matiyu 10:29 ana sayar da gwara biyu a kan kuɗi ɗaya, a Luka 12:6 kuwa gwara biyar a kan biyu. Ta biyar ɗin gyara ce, ba a biya ko anini a kanta ba, amma ita ma Yesu ya ce Allah bai manta da ita ba.

Kuɗin da ake nufi shi ne "as", na jan ƙarfe. Wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Almasihu, Kaisar Augustas ya daidaita kuɗin Roma. Dinari na azurfa, wanda Matiyu 20 ya nuna shi ne ladan yinin ɗan ƙodago, daidai yake da sastariyus 4 na tagulla, ko as 16, ko kwadaran 64. Zinariya da azurfa na albashin soja ne da haraji. Tagulla kuwa ita ce a hannun talaka, da ita yake sayen gurasa da mai. Saboda haka da Markus 12:42 ya bayyana cewa 'yan kuɗi biyu na gwauruwar nan sun yi kwadaran ɗaya, mai karatu a Roma ya gane nan take: kashi ɗaya ne cikin 64 na ladan yini.

Mai riƙe da irin wannan kuɗi ya fara duba fuskar Kaisar da rubutun da ya kewaye ta, domin a nan ake samun sunansa da muƙamansa, daga muƙaman kuma ake ƙididdige shekara. A baya yakan ga haruffa SC, alamar amincewar majalisar dattawan Roma. Bayan kuɗin ne allon shelar sarki. A shekara ta 71 Kaisar Fasfasiyan ya buga sastariyus mai hoton mace tana makoki a gindin dabino, shekara ɗaya bayan rushe Haikalin Urushalima. Tagullar da Bilatus ya buga a Yahudiya tsakanin 29 da 31 tana ɗauke da sunan Tibariyas, amma babu fuskarsa.

Masu zuwa ziyarar Urushalima su yi hattara, gama jabu ya yi yawa. Na ainihi da guduma aka buga shi, na jabu sau da yawa zubi ne, akan ga layi a gefensa da 'yan ramuka a fuskarsa. A Isra'ila sai dillali mai lasisi ke da ikon sayar da kayan tarihi, fita da su kuma sai da takardar izini. Wanda ya samu na ainihi kada ya goge shi da toka ko lemun tsami kamar tukunya. Koren tsatsar nan ita ce ke kāre ƙarfen, in ta tafi darajarsa ta bi ta.