Auren Ɗan Ƙasa a Amurka: Shawarwari Bakwai Kafin Neman Girin Kad

A tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Amurka ana yawan jin cewa, "Ai wane ya auri 'yar ƙasa, ya huta." Ɗaurin aure ba ya ba mutum girin kad, wato katin zama na dindindin. Damar nema kawai yake buɗewa, sai hukumar shige da fice ta USCIS ta gamsu cewa auren na gaskiya ne. Ga abubuwan da ya kamata ma'aurata su sani.

1. A fara duba yadda aka shigo ƙasar. Wanda ya shigo da biza, jami'i ya tantance shi, yana iya neman gyaran takardunsa daga cikin ƙasar ko da bizar ta ƙare, muddin ɗan ƙasa ya aura. Wanda ya tsallako iyaka a ɓoye kuwa, galibi sai ya fita ya nema daga waje. A nan ne tarkon yake: zama ba izini fiye da kwana 180 yana jawo haramcin dawowa na shekara 3, idan ya kai shekara ɗaya kuma haramcin shekara 10 ne. Kada a sayi tikiti sai an ga lauya.

2. A yi wa auren rajista. Waliyyi da shaidu da sadaki sun cika sharuɗɗan addini, amma hukuma takardar aure ta jiha take so ta gani. Wanda ya taɓa aure a gida sai ya kawo takardar saki ko ta rasuwa. Amurka ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba, don haka mai mata a Kano ko Damagaram kada ya ɓoye zancenta a fom.

3. A san fom ɗin da ake cikewa. Ɗan ƙasa ne ke shigar da I-130, baƙo ya shigar da I-485. Akwai kuma I-864, inda ɗan ƙasa ke ɗaukar nauyin abokin zamansa, kuma dole samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati. Idan bai kai ba, wani zai iya tsaya masa.

4. A tara shaidar zaman tare tun daga ranar farko: takardar hayar gida mai sunan mutum biyu, asusun banki na haɗin gwiwa, takardun haraji, hotunan biki da na sallah, takardar haihuwar yara. Idan jami'i ya yi shakka, yakan raba miji da mata ɗaki daban-daban, ya tambayi kowa wane gefen gado yake kwana, me aka ci daren jiya. Sai ya gwada amsoshin.

5. Kada a yi tafiya ana cikin jira. Ko rasuwa aka yi a gida, fita ba tare da izinin da ake nema da fom I-131 ba yakan sa a ɗauka an janye buƙatar.

6. A riƙe lissafin kwanaki. Idan auren bai kai shekara 2 ba lokacin da aka amince, katin na shekara 2 ne kacal. Cikin kwana 90 kafin ya ƙare ake shigar da I-751 domin a cire sharaɗin. Matar da mijinta ke dukanta ko yi mata barazana da takardu, dokar VAWA ta 1994 ta ba ta damar nema da kanta, haka ma namiji.

7. A guji auren takarda. Hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000, kuma duk wanda aka kama ba za a sake amincewa da wata buƙata irin wannan a kansa ba, ko da daga baya ya yi auren gaskiya. Haka nan a guji 'yan cike fom na unguwa masu kiran kansu masana, a nemi lauyan shige da fice mai lasisi.

Dokokin nan suna sauyawa da sauyin gwamnati, saboda haka a tabbatar da kowane sharaɗi kafin a sa hannu. Duk abin da aka rubuta a fom yana nan a ajiye, kuma za a sake buɗe shi ranar neman zama ɗan ƙasa. A rubuta gaskiya.