DARASIN WANNAN WATA: KARATUN AGOGON GABAN MOTA

Mota ba ta da baki, amma tana magana. Tana magana da direba ta allon da ke gabansa, wanda makanikai ke kira dashbod. A kan allon akwai allurai da ƙananan fitilu. Direban da ya iya karanta su yana kai fasinja gida lafiya. Wanda bai iya ba yana iya ƙona inji a tsakiyar daji.

Yawancin motocin haya da ke bin hanyar Sabon Birni zuwa Isa, ko Isa zuwa Shinkafi, ko Sabon Birni zuwa Goronyo da Sakkwato, tsofaffi ne. Akwai Peugeot 504 da 505 da J5. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975. Akwai kuma Golf da Toyota da aka yi aiki da su a Turai kafin a kawo su nan. A irin waɗannan motoci, sau da yawa allura ta mutu tuntuni, ba wanda ya kula.

Wannan sakaci yana da tsada. A bazara zafin ƙasar Gobir yana wuce digiri 40. Garuruwa suna da rata. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi hanyoyin yankin a shekarun nan. Ba wanda ya manta da matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a watan Disamba na 2021. Saboda haka ba direban da ke son motarsa ta mutu a hanya da yamma. Gyaran allura ɗaya yana iya hana haka.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A SANI

1. Allurar zafi. Tana nuna zafin ruwan inji. Harafin C yana nufin sanyi. Harafin H yana nufin zafi. Wasu motoci launi suke da shi: shuɗi ko fari ga sanyi, ja ga haɗari. Wurin zaman allura shi ne tsakiya, wato wajen digiri 80 zuwa 95.

2. Fitilar baƙin mai. Hotonta kamar 'yar buta ce mai ɗigo. Tana kamawa idan mai ba ya zagaya inji da ƙarfi.

3. Fitilar batir. Hotonta akwati ne mai alamar + da alamar -. Tana kamawa idan altaneta ba ta ba batir wuta.

4. Allurar fetur. Harafin E yana nufin tanki ya kusa ƙarewa. Harafin F yana nufin ya cika. Alamar 1/2 tana nufin rabi.

GWAJIN SAFE

Kafin a ɗauki fasinja, direba ya murɗa makulli sau ɗaya, kada ya tayar da inji. Fitilar mai da fitilar batir su kama. Sai ya tayar da inji. Duka biyun su mutu nan da nan.

Idan fitila ba ta kama ba tun farko, to ƙwanta ya ƙone, ko waya ta tsinke. Wani lokaci kuma mai sayar da mota ne ya cire ƙwan don ya ɓoye ciwon inji. Mai sayen tsohuwar mota ya yi wannan gwaji kafin ya ƙirga kuɗi.

IDAN ALLURAR ZAFI TA HAU JA

Direba ya sauka gefen hanya, ya kashe inji. Kada ya ce bari a ƙarasa garin gaba. Tafiyar minti kaɗan da inji mai tafasa tana ƙona gasket, har kan inji ya lanƙwashe.

Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na ruwan da ke tafasa a tukunya. Idan aka buɗe, zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. A jira inji ya huce, kamar rabin awa. A ɗora tsumma a kan murfin, a murɗa a hankali. Kada a zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi ƙwarai, don ƙarfe yana iya tsagewa.

Bayan ya huce, a duba waɗannan:
- Ko ruwa ya ragu a lagireto.
- Ko tiyo ya fashe ko bakinsa yana yoyo.
- Ko fambel ya tsinke ko ya saki.
- Ko fanka tana juyawa.
- Ko ƙura da ƙaiƙayi sun toshe fuskar lagireto.

Ruwan kogi ko na tafki mai laka yana toshe lagireto daga ciki. A riƙa tafiya da jarka ɗaya ta ruwa mai tsabta.

IDAN FITILA TA KAMA ANA TAFIYA

Fitilar mai ta fi kowace haɗari. Idan ta kama, a kashe inji nan take. A jira kaɗan, a zaro sandar gwada mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu da ke jikin sandar. Idan ya gaza, a ƙara. Idan mai ya cika amma fitila ba ta mutu ba, kada a tuƙa. A kira makaniki, ko a ja motar. Inji da ya yi aiki ba mai yana cijewa.

Idan fitilar batir ce ta kama, a fara duba fambel. A yawancin tsofaffin motoci, fambel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa. Idan ya tsinke, fitilar batir za ta kama, bayan ɗan lokaci allurar zafi ta hau. Direba mai hankali ba ya rabuwa da fambel na ajiya da sufana.

IDAN ALLURAR CE TA LALACE

Wani lokaci inji lafiyarsa lau, allura ce ke ƙarya. Ga yadda ake ganewa:

Idan duk allurai sun mutu tare, a duba fis. Fis ɗan ƙarfe ne siriri da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Kowane fis yana da lamba a jikinsa, kamar 10 ko 15. A sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon. Kada a cusa waya ko takardar kwalin taba a madadinsa. Wannan dabara tana jawo gobara. Idan sabon fis ya sake tsinkewa, akwai wayoyin da suka haɗu a wani wuri.

Idan allura tana rawa, ko tana motsi duk lokacin da aka kunna fitilun gaba, a duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Tsatsa da girgizar hanya suna kwance ta. A kankare wurin, a ɗaure da kyau.

Idan allurar zafi kaɗai ta kwanta, akwai ɗan ƙarfe da aka ɗaura a jikin inji, mai waya ɗaya, wanda ke jin zafin ruwa. Mai gyaran wayar mota yana zare wayar, ya taɓa ta a jikin inji na ɗan lokaci, makulli a buɗe. Idan allura ta tashi, to allura da waya lafiya suke. Ɗan ƙarfen ne ya mutu, a sake shi. Idan ba ta motsa ba, laifin yana ga waya ko allurar.

Idan allurar fetur ta tsaya wuri ɗaya, galibi laifin yana cikin tanki. Akwai wani abu da ke iyo a kan fetur, yana hawa yana sauka. Yana iya hujewa ko maƙalewa. Wurin wannan gyara ba a shan taba, ba a haska ashana.

HITAR MOTA

Motocin Turai suna zuwa da hita. Hita ƙaramin lagireto ce a ƙarƙashin dashbod. Ruwan zafi na inji yana ratsa ta, 'yar fanka tana hura iska ta kanta. Da hunturu tana ɗumama fasinjan asuba. Da damina tana share gumin gilashi don direba ya ga hanya.

Idan iska ba ta fitowa, a duba fis da 'yar fankar, da ƙurar da ta toshe kafofi. Idan iska tana fitowa amma ba ɗumi, wataƙila ruwa ya ragu a lagireto. Idan ƙasan mota ya jiƙe wajen ƙafar fasinjan gaba, hita ce ke yoyo, kuma ruwan inji ne ke zuba. Makaniki yana iya haɗa tiyo biyun waje ɗaya don tsayar da yoyon.

Hita mai aiki tana da wani amfani. Idan allurar zafi ta fara hawa a wurin da tsayawa ke da haɗari, a buɗe tagogi, a kunna hita har ƙarshe. Tana janye wani sashe na zafin inji. Wannan dabara ce ta isa gari mafi kusa. Idan allura ta shiga ja, dole a tsaya.

Fasinja ma yana da haƙƙi. Wanda ya zauna gaba ya ga jar fitila a kunne, ya yi wa direba magana cikin ladabi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Me harafin H yake nufi a allurar zafi?
2. Waɗanne fitilu biyu ne za su kama idan an murɗa makulli?
3. Don me ba a buɗe lagireto da zafi?
4. Me zai faru idan fambel ya tsinke?

AIKI

Kowane ɗalibi ya rubuta C, H, E da F a littafinsa, ya rubuta ma'anar kowane harafi a gefe. Ranar kasuwa ya je tasha, ya roƙi wani direba ya nuna masa su a gaban mota. A kawo abin da aka gani a aji na gaba.