Darasin Tattalin Arziki: Rawar Ƙananan Hukumomi Wajen Kai Intanet Mai Sauri Ƙananan Garuruwa

Tun daga shekarar 2010, lokacin da manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a gaɓar Legas, Nijeriya ta daina fama da ƙarancin intanet a bakin ruwa. Abin da ya rage shi ne yadda za a kai shi ga ɗan kasuwar da ke hedkwatar ƙaramar hukuma, wanda sau da yawa sai ya fita bayan gari neman sabis kafin ya tabbatar da cewa kuɗin cinikinsa sun shigo. Darasinmu na wannan mako zai duba dalilin wannan giɓi da abin da ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan za su iya yi a kansa.

Inda aka kwana

Shirin ƙasa na farko, na 2013 zuwa 2018, ya nufi kai intanet mai sauri ga kashi 30 cikin ɗari na jama'a, kuma an cim ma hakan. Shiri na biyu, na 2020 zuwa 2025, ya ɗaga burin zuwa kashi 70, amma wa'adinsa ya cika ana wajen rabi kawai. Yawancin waɗanda aka bari a baya mazauna karkara ne.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kamfanin sadarwa ɗan kasuwa ne, yana auna abin da zai kashe da abin da zai samu. Intanet mai sauri ya dogara ne a kan wayar zaren gilashi da ake binnewa a gefen hanya, kuma kowace mita sai an biya gwamnati kuɗin izinin haƙa. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da Naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Sai a 2020 Jihar Ekiti ta sauko daga Naira 4,500 zuwa 145, Jihar Kaduna kuwa ta yafe kuɗin baki ɗaya.

Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Garin da ke da nisan kilomita 50 daga babban layi yana buƙatar mita 50,000. A kan Naira 4,500, kuɗin izini kaɗai Naira miliyan 225 ne. A kan Naira 145, bai wuce Naira miliyan 7.25 ba. Kafin a sari ƙasa ko sau ɗaya, wannan bambanci ya riga ya yanke hukuncin ko waya za ta isa garin ko ba za ta isa ba.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma

Manyan hanyoyi na Gwamnatin Tarayya ne da na jihohi, amma Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi titunan cikin gari da kasuwanni da tashoshin mota. Saboda haka suna da abubuwa huɗu da za su iya kawowa teburin yarjejeniya.

Na farko, fili. Ba da wurin kafa turken sadarwa a harabar sakatariya ko kasuwa yana rage wa kamfani kuɗin haya da rikicin masu filaye.

Na biyu, haraji guda bayyananne. Kamfanoni sun daɗe suna kukan yawan haraji da rufe turakunsu da masu karɓar kuɗin shiga ke yi. Rubutacciyar yarjejeniya ta shekaru masu yawa ta fi rasit goma amfani ga baitulmalin hukuma.

Na uku, ciniki tabbatacce. Idan sakatariya da asibiti da makarantu suka ɗauki alkawarin biyan kuɗin intanet duk wata, kamfani ya samu abokin ciniki tun kafin ya fara aiki. A kan wannan tunani ne Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar da shirin haɗa sakatariyoyi 774 da intanet a 2024. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, zai ƙarfafa irin wannan alkawari a duk inda aka aiwatar da shi.

Na huɗu, tsaro. Masu gyaran hanya da ɓarayi na yawan datse wayoyin. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, amma hakimi da mai unguwa da 'yan sintiri su ne ke kwana kusa da wayar.

Abin kiyayewa

Yarjejeniyar da ba a rubuta ba takan mutu da saukar shugaban da ya ƙulla ta. Wajibi ne majalisar kansiloli ta amince da ita, a fayyace unguwannin da za a kai sabis da lokacin kammalawa, a kuma sharɗanta cewa sauran kamfanoni za su iya hayar wannan waya, domin kada mutanen gari su faɗa hannun mai sayarwa guda.

A shekarar 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar zaren gilashi a faɗin ƙasa. Ƙaramar hukumar da ta tanadi fili, ta daidaita harajinta, ta kuma ware kuɗin biyan sabis a kasafinta, ita ce kamfanoni za su fara nema idan layin ya biyo ta yankinta.